Suma Dabam, Mutuwa Dabam

Duk wanda ya taɓa yin tafinta a coci ya san kalma ɗaya tana iya ɗaga zuciyar mutum, tana kuma iya karya ta. Mu nan Wagadugu da harsuna uku muke zaman duniya: Hausa a gida, harshen More na Mosawa a kasuwa, Faransanci a lakwal da ofis. Sai ga na huɗu, wato Ingilishi, yana shigo mana tare da masu wa'azi daga Gana da Nijeriya. Na lura akwai waɗansu kalmomi da ba sa rabuwa da bakinsu, dukansu kuwa da "re" suke farawa: revive, revival, refresh, recover, resurrection. Sau da yawa tafinta yakan haɗa su duka ya ce "tayar da matattu". Ina so in warware su ɗaya ɗaya, gama aikin katikis ya koya mini cewa bambancin da ke tsakaninsu ba ƙarami ba ne.

Wannan "re" daga Latin ya fito, ma'anarsa "sake". Bari mu fara da revive. Asalinta "sake rayuwa", amma Turawa suna amfani da ita ga abin da bai gama mutuwa ba. Mace ta suma a rana, aka yayyafa mata ruwa, ta buɗe ido. Wuta ta kwanta a murhu, aka hura garwashin, ta kama. Hausa tana da kalmar tun kaka da kakanni: farfaɗo. 'Yan'uwanta su ne refresh, wato wartsakewa, kamar matafiyin da ya sha fura a inuwa, da kuma recover, wato murmurewa, kamar mai zazzaɓin da ya fara cin tuwo. A cikin ukun nan duka akwai sauran rai a jiki. Ka duba annabi Iliya a Littafin Sarakuna na Fari, sura 19. Ya gudu daga Yezebel, ya gaji, ya kwanta gindin itace yana roƙon mutuwa. Mala'ika ya tashe shi har sau biyu, ya ba shi abinci da ruwa, da ƙarfin abincin nan kuwa ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb. Allah ya farfaɗo da bawansa da gurasa da ruwa da barci.

Resurrection kuwa wata magana ce dabam. Ita ce tashi daga matattu. A nan ba sauran numfashi, ba sauran garwashi. Ruwa ba ya yi, magani ba ya yi. Li'azaru ya kwana 4 a kabari kafin Yesu ya kira shi, kamar yadda Yohanna ya ba da labari a sura 11. Shi ma daga baya ya sake mutuwa kamar kowa. Tashin Ubangiji ne kaɗai ba mutuwa bayansa, shi ne kuma aka yi mana alkawarinsa a ranar ƙarshe. Wannan aiki ba ya hannun fada, ba ya hannun fasto ko katikis. Na Allah ne shi kaɗai.

Mu da muka yi karatu da Faransanci muna da tarko na musamman. A ranar Ista kalmar ressusciter muke ji a kan tashin Yesu. Ingilishi yana da mai kama da ita, resuscitate, amma ita ta asibiti ce: likita ya danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya har ya dawo. Faransanci réanimer yake ce wa wannan. Tafintan da bai lura ba sai ya mai da aikin likita tashin matattu, ko ya mai da tashin Ubangiji farfaɗowa daga suma. Na biyun nan ya taɓa tushen bangaskiyarmu, gama Yesu ya mutu da gaske, aka binne shi.

Saura revival, wadda ake rubutawa da manyan baƙaƙe a kan allunan taro. Faransanci réveil yake cewa, wato farkawa daga barci, Hausa ma "taron farkawa" muke cewa. 'Yan'uwanmu na Assemblies of God, waɗanda masu bisharansu suka iso Wagadugu daga Amurka a 1921, suna tunawa da farkawar da ta fara a makarantarsu ta Collège Protestant a 1965. Mai barci ake farkarwa. Idan mai wa'azi ya kira taron farkawa, ya riga ya yarda cewa jama'ar suna da rai. Saboda haka raina yakan ɓaci in na ji an tsaya gaban tsofaffin da suka riƙe addu'a shekara da shekaru ana ce musu ikilisiyarsu matacciya ce.

Me ya sa nake nacewa a kan wannan? Domin sunan da ka ba abu shi ne yake nuna yadda za ka yi da shi. Abin da ka kira gawa, binne shi za ka yi. Abin da ka kira sumamme, ruwa za ka nemo masa. Manoman ƙasar Maraɗi sun ga wannan da idonsu. Wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan ɗin SIM, ya yi ta dasa itatuwa a can suna mutuwa. A 1983 ya dubi 'yan tsirran da ke ko'ina cikin gonaki, waɗanda ake sassabewa kowace shekara, ya gane tohon kututture ne. An sare itatuwan tuntuni, amma saiwoyinsu suna raye a ƙarƙashin ƙasa. Aikin da ya rage shi ne a zaɓi tsiro kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kare su daga dabbobi. Manoma suka karɓa, maƙwabci yana koya daga maƙwabci, har masu bincike suka ƙiyasta itatuwa miliyan 200 sun dawo a Nijar.

A nan ƙasarmu ma Yacouba Sawadogo na Gourga, kusa da Wahiguya, ya farfaɗo da faƙon da mutane suka fid da rai a kansa. Ya haƙa ramukan da Mosawa ke kira zaï, Hausawan Nijar kuma tassa, ya zuba taki a ciki tun da rani. Gara ta bi takin tana huda ƙasa, ruwan damina ya sami hanyar shiga, gero da itatuwa suka tashi. A 2018 aka ba shi da Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin. Ya rasu a Disamba 2023, dajinsa kuwa ya bar wa na baya.

Ni ɗan tsohon Zango ne, unguwar Hausawa da ake kira Zangouettin a tsakiyar birni. A 2003 aka rushe ta tare da maƙwabtanta domin gina sabuwar cibiyar kasuwanci, mutane suka watse, waɗansu can wajen Ouaga 2000, waɗansu Nioko, waɗansu inda Allah ya kai su. Mu Kirista masu jin Hausa dama 'yan kaɗan ne a tsakanin 'yan'uwanmu Musulmi. Da aka watse sai na ji ana cewa addu'a da Hausa ta mutu ke nan. Amma da na riƙa bin gidaje a kan keke, sai na tarar da tsohuwa tana koya wa jikokinta Addu'ar Ubangiji da Hausa, na tarar da magidanci ya adana Littafi Mai Tsarki nasa cikin leda a ƙasan akwati. Kututture ne, saiwa na nan. Ba a bukaci wani babban taro ba. Gaisuwa aka bukata, da zuwa suna da jana'iza, da a zauna kan tabarma a karanta sura ɗaya. In da rai da rabo.

Duk da haka akwai ranar da kalmar farfaɗo ba ta isa ba. Ranar 12 ga Mayu 2019 'yan bindiga suka shiga cocin Dablo ana cikin sujada, suka kashe mutum 6, har da fada Siméon Yampa. Tun daga shekarun nan iyalai da yawa daga arewa suka gudo zuwa Kaya da Wagadugu. Idan ka zauna da matar da aka kashe mijinta, kalmomin nan biyu duka kake bukata, kada kuma ka musanya su. Game da mijinta, ka faɗa mata alkawarin tashin matattu, kada ka yi mata alkawarin abin da ba ya hannunka. Game da ita da 'ya'yanta kuwa, aikin farfaɗowa ne, wannan kuma yana hannunka: tiyar hatsi, ɗaki, kuɗin lakwal, da kunnen da zai saurare ta.

Saboda haka, ya ɗan'uwana tafinta, in baƙo ya ce revive, ka ce farfaɗo. In ya ce resurrection, ka ce tashi daga matattu, ka faɗe ta da tsoron Allah. Kai kuma mai sauraro, kafin ka ce aurenka ya mutu, ko ɗanka ya lalace, ko bangaskiyarka ta ƙare, ka durƙusa ka tona gindin ka ga ko akwai ɗanyen saiwa. In akwai, ɗauki tulu ka nemo ruwa. In babu, ka miƙa wa Mai tayar da matattu. Ubangiji ya ba mu idon rarrabewa. Amin.