Tsohuwar kwamfuta a hannun yara

A Jamus da Ingila akwai waɗanda har yau ba su rabu da Amiga 500 ba, kwamfutar gida da kamfanin Commodore ya fitar a 1987. Ƙwaƙwalwarta, Motorola 68000, megahaz 7 da ɗoriya take gudu. Kowace salula ta yau ta fi ta nesa ba kusa ba. Sai su buɗe ta, su zare ƙwaƙwalwar, su dasa wani ɗan allo mai suna PiStorm da Raspberry Pi bisansa. Shi ke kwaikwayon tsohuwar ƙwaƙwalwar, amma da sauri ninkin ba ninkin.

Ni malami, buɗewar nan ce ta tsaya mini a rai. A makarantarmu kwamfutocin kyauta na jibge cikin ɗakin ajiya, ƙurar hunturu ta lulluɓe su, wai sun tsufa, kuma an hana yara taɓawa. Ni ko so nake a miƙa masu, su kwance, su cire tsohon faifai su sa SSD, su ƙara RAM. In ta lalace a hannunsu, da ma a mace take. In ta tashi, aji ya samu abin koyon buga rubutu.