Gwanin da bai iya tashi daga tebur ba

Ba ni wasan karta, amma labarin Stu Ungar ya ƙi barin zuciyata, domin yana taɓa abin da mu malamai muka fi yabawa ga yaro, wato kaifin ƙwaƙwalwa.

An haife shi a birnin New York na Amurka a 1953. Mahaifinsa mai mashaya ne da ke karɓar kuɗin ƴan caca, saboda haka yaron ya buɗe ido a gefen teburin karta. Bai kai shekara 15 ba mahaifin ya rasu, daga baya ya bar makaranta. Ya ƙware a wasan gin rummy har manyan ƴan wasa suka daina zama da shi. Rashin abokin karawa ne ya tura shi ga wasan poka a Las Vegas.

Poka ba sa'a kaɗai ba ce. Mai yin ta sana'a yana lissafin katin da ya rage, yana karanta fuska da hannun abokin hamayya, yana sanin lokacin janyewa. Ungar ya ci babbar gasar duniya a 1980, inda ya kayar da tsohon gwani Doyle Brunson, ya sake cinye ta a 1981. Amma abin da ya tara da basira, sai ya kai shi ga cacar sukuwar dawaki da ta wasanni, inda basirarsa ba ta da iko, ragowar kuma hodar iblis ta lashe.

A 1997 ko kuɗin shiga gasa, dala 10,000, ba shi da su. Abokinsa Billy Baxter ne ya biya masa. Ya zauna da hoton ƴarsa a aljihu, ya ci gasar karo na 3, suka raba dala miliyan 1. A watan Nuwamba na 1998 aka tarar da gawarsa a wani ƙaramin otel na Las Vegas, yana da shekara 45, ba abin da ya bari sai ƴan ɗaruruwan daloli.

Abin da ke damuna ke nan. Mutumin da ke karanta zukatan jama'a ya kasa riƙe tasa. A aji mukan tsaya kan ɗalibi mai rauni, mu ƙyale haziƙi da zaton ya riga ya tsira. Alhali shi ma yana bukatar wanda zai koya masa haƙuri da sanin iyaka, tun kafin duniya ta fara yi masa tafi.