Bairut bayan fashewar tasha: an tokare bango, saura masu gida

Baƙon da ya sauka Bairut, babban birnin ƙasar Labanan, ba sai ya nemi mai ba shi labarin ranar 4 ga watan Agusta na 2020 ba. In ya tsaya bisa babbar hanyar da ta bi gefen tashar jiragen ruwa ya dubi teku, zai hangi ragowar rumbunan alkama na siminti, wani sashe a tsaye, wani a zube. In ya juya ya dubi tudu kuwa, unguwannin Jammaiza da Mar Mikayil da Ashrafiya ne zai gani, tsofaffin gidaje a maƙale tsakanin dogayen benaye. Daga tashar zuwa gidajen farko tafiyar ƴan mintoci ce a ƙasa, kuma wannan kusanci shi ya ja musu abin da ya same su.

A ranar, jim kaɗan kafin ƙarfe 6 na yamma, wuta ta kama a mangaza mai lamba 12. A cikinta ne aka jibge tan 2750 na sinadarin amoniyom nitrat, wanda ake haɗa takin zamani da shi, ake kuma haɗa nakiya. Wani jirgin ruwa ya shigo da shi a 2013, aka sauke, aka bar shi shekara da shekaru alhali hukumomi suna sane. Da ya fashe, mutane fiye da 200 suka rasu, fiye da 6000 suka ji rauni, kimanin dubu 300 kuma suka kwana ba su da wurin sa haƙarƙari.

Unguwannin da ke fuskantar tashar su ne suka fi riƙe tsohon ginin Bairut. Gidajen an yi su ne tun ƙarshen zamanin daular Usmaniyya, wasu kuma lokacin da Faransa ke riƙon ƙasar, daga 1920 zuwa 1943. Da dutsen rairayi ake gina su, da babban zaure a tsakiya, da tagogi uku masu kan baka suna duban teku, a rufe su da jar ƙasa gasasshiya da ake kawowa daga Marsai ta Faransa. Iskar fashewar ta shiga ta waɗannan tagogi, ta ɗaga rufi, ta tsaga bango. A cikin makonnin farko, hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar, ƙarƙashin daraktanta Sarkis Khoury, ta ƙidaya gine-gine kimanin 8000 da abin ya shafa, 640 daga ciki na tarihi ne, wajen 60 kuma suna gab da rushewa.

Tsere da ruwan sama

Abin da ya fi tayar wa masana gini hankali shi ne ruwa. A Bairut sama ba ta zubarwa sai lokacin sanyi, daga wajen watan Oktoba zuwa Afrilu, kuma abin da ke sauka ya kai milimita 800 a shekara, ya ɗara na Maradi nesa. Dutsen rairayi kuwa tsotson ruwa gare shi: muddin rufi ya buɗe, bangon da ya tsage sai ya jiƙe, ya yi nauyi, ya zube. Ke nan wata biyu zuwa uku kawai ke gare su.

Gomnati ba ta da halin wannan aiki. Ta Hassan Diab ta yi murabus ran 10 ga Agusta, ba a kuma kafa wata ba sai watan Satumba na 2021. Tun 2019 kuɗin ƙasar ke faɗuwa, bankuna sun riƙe ajiyar mutane, ta yadda mai gida na iya kasancewa da dukiya a takarda amma ba ya da kuɗin sayen buhun siminti. Saboda haka ƴan sa-kai suka ɗauki nauyi. Samari da ƴammata suka fito da tsintsiya da shebur. Masu zanen gini da injiniyoyi suka riƙa bi gida gida suna rubuta irin ɓarnar kowane, har suka haɗu cikin wata ƙungiya mai suna Beirut Heritage Initiative. Aka tokare bangaye da katako da ƙarfe, aka shimfiɗa tamfol bisa rufi, aka tattara duwatsu da ƙofofi da guntayen ado da suka faɗo domin a mayar da su daga baya.

Taimako ya zo daga waje. Ran 27 ga Agusta, shugabar UNESCO ta lokacin, Audrey Azoulay, ta ƙaddamar da shirin Li Beirut, ma'ana domin Bairut. Asusun ALIPH, wanda Faransa da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka kafa a 2017 don kare kayan tarihi, ya ware dala miliyon 5. Ƙungiyar Blue Shield ita ma ta sa hannu, tare da sojojin ƙasar da na Majalisar Ɗinkin Duniya. In an auna aikin gaggawa da ma'auninsa, wato hana ɓarna ƙaruwa, to wannan mataki ya ci nasara, domin kuwa akasarin gidajen da aka tokare aka lulluɓe sun ga ƙarshen ruwan suna tsaye.

Akwai kuma haɗari na biyu. Tun ƙura ba ta lafa ba aka fara jin labarin dillalai na zagayawa suna tayin sayen rusassun gidaje da dala a hannu. Mutanen Bairut sun san inda irin wannan ciniki ke kaiwa, don sun ga yadda tsofaffin gine-gine masu yawa suka salwanta a tsakiyar birni bayan yaƙin basasa na 1975 zuwa 1990, lokacin da aka damƙa sake gina wurin ga kamfanin Solidere. A watan Oktoba na 2020 majalisar dokoki ta zartar da doka mai lamba 194, wadda ta dakatar da sayar da gidaje da filaye a unguwannin har shekara biyu. Dokar ta tare hanzarin dillalai, amma wa'adi gare ta. Tsohuwar dokar kayan tarihi ta 1933 kuwa, abin da aka yi kafin shekarar 1700 shi ta ɗauka kayan tarihi kai tsaye, waɗannan gidaje kuma duk bayan nan aka gina su.

Inda kuɗi suka kai, da inda ba su kai ba

Wanda ya hau matakalar Sen Nikola daga Jammaiza zai fito kusa da gidan tarihi na Sursuk, farin gida da aka gina a 1912, aka buɗe shi ga jama'a a 1961. Fashewar ta farfasa tagoginsa masu launi, ta lalata zane-zane fiye da 50. Italiya ta ba da yuro miliyon 1 ta hannun UNESCO, Faransa da ALIPH suka ƙara, aka sake buɗe shi a watan Mayu na 2023. A gidan tarihi na Jami'ar Amurka ta Bairut kuma, wani akwatin gilashi ya kife da tsofaffin kwalabe da kofuna 74, mafi yawansu na zamanin Rumawa, 72 suka tarwatse. Ma'aikata suka durƙusa suna tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, aka kai takwas gidan tarihin Birtaniya a Landan, aka harhaɗa su aka nuna wa jama'a a 2022, da tabon tsagarsu a fili.

Wannan aiki abin yabo ne, sai dai ya nuna inda zuciyar masu bayarwa ta fi karkata. Gini mai suna yana samun mai ɗaukar nauyinsa da wuri, domin akwai ranar buɗewa da allon da za a rubuta sunan wanda ya taimaka. Gidan haya mai hawa biyu, wanda tela ko kafinta ke ƙasa tsohuwa na sama, ba ya da wannan gata. Tamfol da aka shimfiɗa don wata uku ya shekara bisa wasu gidaje har rana ta cinye shi. Babban shirin gyaran gidajen zama na tarihi, wanda Bankin Duniya ya riƙe kuɗinsa hukumar UN-Habitat ta gudanar, bai kankama ba sai 2022. Kafin nan ƴan haya da dama sun kwashe kayansu, wasu sun bar ƙasar ɗungum. Unguwar talakawa ta Karantina, wadda ke manne da tashar, ba ta ja hankalin masu kayan tarihi kamar unguwannin tudu ba.

Su kansu rumbunan alkamar sun zama abin jayayya. An kammala su a 1970, suna ɗaukar tan dubu 120, kuma su suka tare wa yammacin birnin wani kaso na ƙarfin fashewar. A watan Afrilu na 2022 gomnati ta yanke shawarar rushe su, iyalan mamatan suka ƙi, suna cewa shaida ce da ba a gama da ita ba. Ana cikin haka alkamar da ta rage ciki ta ruɓe ta kama wuta, sassan arewa suka riƙa zubewa, har da ran 4 ga Agusta na 2022, daidai cikar shekara biyu. Sai a 2025 ministan al'adu ya sa ragowar cikin jerin gine-ginen tarihi, a shekarar da masifar ta cika biyar ba tare da kotu ta yanke wa kowa hukunci ba.

Abin da za a ɗauka

Darasin Bairut a bayyane yake. Abin da ya ceci gidajen araha ne idan an kwatanta da kuɗin sake gini: ƙidaya da wuri, katakon tokara, tamfol, da dokar da ta hana mai gida sayarwa cikin firgici. An kuma iya yin haka ne don akwai masana da suka san gidajen tun kafin masifa, suna da hotuna da zanensu. Abin da ya gaza shi ne matakin da ke biye, wanda sai hukuma mai ƙarfi da doka mai ɗorewa ke iya riƙe shi.

Mutanen Damagaram ba za su ji wannan labari kamar na nesa ba, tun da a watan Satumba na 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni, wanda ya haura shekara 150. Ginin ƙasa ya fi dutsen Bairut tsoron ruwa, kuma kowa ya san watan da damina ke faɗuwa. Ya kamata magadan gari da sarakuna da attajirai su san yawan tsofaffin soraye da masallatan da ke hannunsu, da maginan gargajiya da suka rage, da wanda za a kira ranar da bango ya tsage, tun rani bai wuce ba. Allah ya kiyashe mu da masifa, ya jiƙan waɗanda suka rasu.