Tallafin Karatu ko Sunan Makaranta

A Amurka, ɗalibi mai hazaƙa da ke son karatun kasuwanci yakan shiga tsaka mai wuya. Makarantar Wharton, wadda aka kafa a 1881 a Jami'ar Pennsylvania, sunanta kan kai mutum manyan bankunan New York, amma ba ta tallafa wa ɗalibi don ƙwazonsa, sai don rashin hali. Jami'ar Alabama kuwa takan yafe wa masu maki sosai kuɗin makaranta.

Ina tausaya wa iyaye masu matsakaicin ƙarfi, da ke kwana suna lissafi da takardun makarantun biyu a gabansu. Ni dai shawarata, a duba malamai, da inda tsofaffin ɗalibai suka sami aiki. Wanda ya gama babu bashi a wuyansa ya fi ƙarfin gwiwar kafa sana'ar kansa.