Jirgin Kara da Ƙasar da Yake Ratsawa

Ya ku 'yan makaranta, yau muna so mu yi magana da ku a kan wani abu da manya suka ɗauka wasan yara ne kurum, watau ƙirar jirgin ƙasa na kara. Mu da muka tashi a ƙasar Gaya da Ajingi mun san wannan wasa ƙwarai. Da kaka ta yi, an sare dawa an kwantar da kara a gonaki, ba yaron da za ka gani zaune hannu sake. Wannan yana ɓare kara yana fid da totuwa, wancan yana yanka sakaina yana fere ƙafafu, wani kuma ya tafi gindin aduwa tsince ƙayar da za a yi ƙusa da ita. Wanda ya fi kowa hannu shi kan haɗa taragu biyar ko shida, ya ɗaura musu zare, ya ja cikin unguwa yana kukan jirgi da baki. Ba kuwa abin mamaki ba ne ɗan Gaya ya iya ƙira, gama masu tarihi sun ce maƙeran farko da suka sauka gindin Dala don neman tama daga Gaya suka fito, su ne ake kira Abagayawa.

Abin mamakin dai shi ne, jirgin da muke kwaikwayo bai bi ta ƙofar gidanmu ba. Dogo ya iso Kano daga Baro cikin 1911. Turawa sun sa rai auduga zai riƙa kwasa, amma manoma suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, tun daga 1912 suka rungume ta. Daga baya aka ja wani reshe daga Kano ya yi gabas, ya bi ta Zakirai da Ringim da Malam Madori, ya kai Nguru cikin 1930, tafiyar kimanin mil 140. Wannan reshe ya wuce ta arewa da mu. Kakanninmu sun ba mu labarin yadda sukan lafta wa jakai gyaɗa su haye kogi su kai Ringim, ko kuwa su bi ta Wudil zuwa Birni, inda akan jera buhuna a yi dala tana jiran tarago. Daga bakinsu muka fara sanin jirgi tun ba mu gan shi ba, baƙin kai mai cin kwal ɗin Enugu, mai tsayawa shan ruwa a tasha kamar raƙumi.

To, da muka girma muka yi karatu, sai muka iske ashe a Turai da Amurka har dattawa masu furfura suna wannan wasa, suna da ƙungiyoyi da mujallu nasu na kansu. Wani kamfani na Jamus, Märklin, ya fara sayar da 'yan jirage masu tafiya bisa dogo tun 1891. A Ingila kuma Frank Hornby ya fito da nasa, waɗanda akan wana kamar agogo, cikin 1920. Amma jirgin kanti kowane mai kuɗi yana iya mallakarsa. Inda gwani ke rabuwa da mai kuɗi wuri biyu ne: gina ƙasar da jirgin zai ratsa, da kuma tsofar da jirgin har ya yi kama da wanda ya sha rana da ƙura.

Bari mu ba ku labarin mutum biyu. Na farko sunansa Roye England, mutumin Ostareliya, wanda ya zo Ingila cikin 1925. Ya ga ana ta rushe tsofaffin gidajen ƙauye masu jinka ana sake su, abin ya dame shi. Sai ya riƙa bi gida gida yana awo, yana rubuta launin bango da na ƙofa, kana ya komo ya ƙera su 'yan ƙanana da takarda mai kauri. Cikin 1954 ya kafa gidan tarihi na Pendon, inda aka gina karkarar Ingila ta shekarun 1930 da gonakinta da jiragenta. Na biyu John Allen ne, mai ɗaukar hoto a Kalifoniya ta Amurka. Shi ya ƙi yarda jirginsa ya yi ƙyalli kamar sabon kwano. Yakan sa masa tsatsa da dauɗa, har ma ya taɓa ƙera rumfar kan jirgi da tattabaru bisa rufinta, ga kashinsu nan fari fat. Ku duba, duka biyun da ido suka fara aiki kafin hannu. Abin da muke so ku ɗauka ke nan. Jirgin kara yana zama abin daraja sa'ad da mai yinsa ya tsaya ya dubi ƙasarsa da kyau, ya kuma faɗi gaskiyar abin da ya gani.

Aiki na fari shi ne awo. Muna yara, sau da yawa akan ga direban yumɓu ya fi kan jirgi tsawo, jaki kuma ya fi rumbu. Masu wannan sana'a sukan zaɓi awo ɗaya su bi shi a kan kome. Wanda ya fi yawa a duniya shi ne ɗaya bisa 87, watau inci 1 yana madadin ƙafa 7 da inci 3. Faɗin tsohon dogonmu ƙafa 3 ne da inci 6, saboda haka a wannan awo bai cika rabin inci ba, mutum kuwa bai kai inci ɗaya ba. Duk da wannan ƙanƙanta, wanda ya so ya shimfiɗa hanyar Kano zuwa Nguru dukanta sai ya nemi fili fiye da mil ɗaya da rabi. Don haka ba mai gina hanya duka, tasha guda akan zaɓa da 'yar gonar da ke bayanta. Kara ba ya yin sirantaka irin wannan, mun ga ya fi muku sauƙi ku ce inci 1 madadin ƙafa 2. Ga lissafi nan ya fito daga allo ya shigo hannu: mutum zai zama kusan inci 3, faɗin dogo inci 1 da uku bisa huɗu, kuka mai ƙafa 60 kuwa inci 30. Ku fara ƙera mutum ɗaya ku tsai da shi, duk abin da kuka yi daga baya ku gwada shi a jikinsa.

Aiki na biyu shi ne ƙasa. A littattafan hotuna za ku ga jirgi yana fitowa daga ramin dutse, ga ƙanƙara bisa tsauni. Kada wannan ya ruɗe ku, ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, jigawa ce mai rairayi, sai wajen kogi ne ƙasa ke yin baƙi inda fadama take. Ku sami faffaɗan katako, ku kwaɓa laka da dakakkiyar ciyawa yadda magina ke yi don kada ta tsage, ku shafe shi. Ku ɗaga hanyar dogo ta ɗan fi gona tudu, ku bar kwalbati inda ruwa zai wuce. Tun laka ba ta bushe ba ku yayyafa ruwan ƙaro, ku barbaɗa rairayin garinku wanda kuka tankaɗe, gama ba fentin da zai fi shi kama da kansa. Tsakuwar dogo kuma ku daka dutse ku tace da rariya, ku zaɓi wadda ba ta fi tafin hannun mutumin nan naku ba.

Sa'an nan ku yanke shawara, wane lokaci ne na shekara kuke ginawa? In lokacin cinikin gyaɗa ne, to hunturu ke nan, ciyawa ta bushe ta yi launin zaki, gonaki ba kome sai kututturen kara. Kuka ta zubar da ganye tana tsaye tsirara, gawo kuwa a lokacin ne yake kore shar, domin shi da damina yake kaɗe ganyensa. Wanda ya sa kuka da gawo duka suna kore a fili ɗaya, kowane manomi ya gani zai san bai lura ba. Busasshiyar saiwar ƙaramin tsiro, in kun juya ta sama, ta zama itace da rassansa. Ku shafa mata ƙaro ku barbaɗa garin kuka ko dakakken zogale, ta yi ganye. Zaren rama da aka yayyanka ƙanana ya isa ciyawa. Kada ku manta da rumbu, da rijiya, da turakun wayar tangaraho a gefen dogo, da sikeli, da jakai masu mangala suna jira a inuwar tsamiya. In kuwa zamanin kakanni kuke nufi, kada ku cika gari da darbejiya da rufin kwano, gama darbejiya baƙuwa ce, daga baya ta yawaita, gidajen ƙauye kuma soro ne da jinka.

Aiki na uku shi ne tsofarwa, shi ne kuma ya fi wuya ga zuciya, domin yaro ya sha wahala ya gama tarago mai kyau, a ce masa ya ɓata shi da dauɗa. Amma fa dauɗar jirgi tana da ƙa'ida, kowace iri da mazauninta. Kunkunniyar hayaƙi bisa rufi take sauka, ta fi kauri a taragun da ke kusa da kai. Ƙura daga ƙasa take tashi, ta kama ƙafafu da gindin tarago, tana raguwa in an yi sama. Tsatsa tana farawa daga kan ƙusa da mahaɗar ƙarfe da wurin da fenti ya kwarzane, kana ruwan sama ya ja ta ƙasa, shi ya sa zanenta kullum a tsaye yake, ba ya kwanciya. Inda ake zuba mai yakan yi baƙi mai sheƙi. Inda ruwan tukunya ke tsiyaya yakan bar farin zane. Rana kuma tana cinye launi, ja ya koma fatsi-fatsi. Hatta dogon kansa yana da labari: wanda jirgi ke bi, samansa yana walƙiya gefensa na tsatsa, wanda aka daina bi kuwa tsatsa ta rufe shi duka, ciyawa ta tsiro tsakaninsa.

Kayan wannan aiki duk suna gidanku. Garin gawayi ko baƙin tukunya shi ne hayaƙi, jar ƙasa ita ce ƙura, toka ita ce hazo da farin zane. Tsatsa kuwa ku jiƙa tsofaffin ƙusoshi cikin ruwa 'yan kwanaki, ko ku jiƙa karan dafi irin na dukawa ku surka shi. Ku tsinka launi da ruwa ƙwarai, ku shafa da gashin kaza daga sama zuwa ƙasa, ku bari ya bushe, kana ku duba ko yana son ƙari. Sannu ba ta hana zuwa, ƙarawa tana da sauƙi, ragewa ce mai wuya. Kada kuma ku tsofar da taragu duka daidai wa daida, gama a jirgi ɗaya akan sami wanda ya fito daga gyara jiya da wanda ya shekara goma bai ga fenti ba.

Watakila wani zai ce, mene ne amfanin wannan wahala duka a kan abin wasa? Ga amsa. Tun cikin shekarun 1950 aka fara kawo kawunan jirgi masu shan dizal, a hankali suka kori masu cin kwal. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 sun karya noman gyaɗa, dalar Kano ta ɓace. Cikin 2021 aka aza harsashin sabon dogo daga Kano zuwa Katsina har Maraɗi, da reshen da aka tsara zai bi ta Gaya zuwa Dutse, mai faɗin ƙafa 4 da inci 8 da rabi. In Allah ya nufa aikin ya kammala, ƙannenku za su ga jirgi a ƙofar gida, amma wani jirgi ne dabam. Waɗanda suka ga na farkon da idonsu, suka san warin kwal da nauyin buhu, saura kaɗan ne cikinmu, kowace shekara kuma suna raguwa. Abin da ke cikin kansu in ba a ɗauka ba, tare da su za a binne shi.

Saboda haka muna roƙonku, hutun nan mai zuwa ku ɗauki littafi da fensir ku je wurin tsofaffin unguwarku. Ku gaishe su da ladabi, ku tambaye su launin taragu, da abin da ake talla a tasha, da yadda ake ɗaure kaya bisa jaki, da inda ake haye kogi. Da tsohuwar zuma ake magani. Ku auna tsohon rumbu da zaure tun ba a rushe su ba. In kun gama ginin, ku kira tsohon nan ya duba, inda ya ce ba haka yake ba ku gyara. Ku kuma zana abin da kuka yi, ku rubuta awonsa, ko ku ɗauki hotonsa, domin gara ba ta jin kunyar kara, ruwa kuma ba ya jin tausayin laka. John Allen ya rasu cikin 1973, bayan kwana goma gobara ta cinye aikinsa na shekaru, hotunan da aka ɗauka su ne suka tsirar da shi ga na baya.

Muna kuma roƙon malamai su ba yara ɗan lungu cikin aji da sa'a guda a mako, gama a bisa katakon nan guda za a koyi lissafi da labarin ƙasa da tarihi. Allah ya ba ku ido mai lura da hannu mai haƙuri, amin.