Neman Gida Tsakanin Batsari da Safana

Bayan an kawar da amfanin gona na raka ƙanena neman gidan saye. Malamin makaranta ne da aka tura Batsari, matarsa 'yar Safana ce, yaransu biyu ƙanana, kuma haya ta ishe shi. Da hantsi muka fita daga Katsina ta Ƙofar 'Yandaka, muka wuce Babbar Ruga, muka miƙi hanyar Batsari. Gonaki duk an girbe, sai karan dawa a tsaye da shingayen jami'an tsaro nan da can.

Ranar Alhamis ce, kasuwar Batsari na ci. Buhunan rogo da dankali sun cika bakin hanya, motoci na lodi. A gindin wata bishiyar dalbejiya muka sami dillalin da aka haɗa mu da shi, dattijo mai furfura. Ƙanena ya zayyana masa abin da yake so: sabuwar unguwa a bakin gari, fili mai faɗi, inda yara za su sake.

Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Malam, wannan lissafin Katsina ne. Can kowa gudun cikin gari yake, ya nufi Barhim ko Batagarawa. Nan kuwa bakin gari shi ne mai araha, kuma ka san dalilin arahar."

Mun sani. Batsari da Safana duk suna gefen Dajin Rugu, wanda ya miƙe har iyakar Zamfara, kuma shekara da shekaru 'yan bindiga na fitowa daga cikinsa. A Fabrairun 2020 suka yi kisa a ƙauyukan Tsauwa da Dankar. A 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a waɗannan ƙananan hukumomi. Mutanen ƙauyuka suka kwararo cikin gari, haya ta yi tsada, ɗaki guda ya zama na iyali guda. Ko da aka yi sulhu da 'yan bindigar a 2025, kasuwanni suka farfaɗo, mai sayen gida bai manta ba.

Duk da haka ya kai mu bakin garin. Gidan bulo ne sabo, da rufin kwano mai sheƙi, ɗaki uku da falo. Bayan katangarsa babu komai sai gona, har iya ganin ido. Na lura maƙwabcin da ke dama ya toshe tagoginsa na waje da bulo, an bar 'yar kafa kamar tafin hannu don iska. Fegin ma awon igiya ne, ba awon gwamnati ba, lungun ko mota ba ta juyawa. Ƙanena ya tambayi ruwa, aka nuna masa 'yan garuwa suna turo kura daga nesa.

Daga nan muka shiga tsohuwar unguwa. Gidan ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, da zaure, da rijiya a tsakar gida. Ya fi wancan ƙanƙanta, ya kuma fi shi kuɗi. Amma daga ƙofar gida ana jin kiran salla, makarantar allo na nan a kan kwana, kuma mai naƙuda za ta kai babban asibitin garin cikin dare ba tare da an ratsa fili ba. Kafin mu gama dubawa mutum uku sun fito sun tambayi daga inda muke. Ƙanena ya ɗan tsargu. Dillalin ya ce, "Wannan tambayar ita za ka biya wa kuɗi. Unguwar da baƙo zai shiga ba a tanka masa ba, kada ka kai iyalinka."

Washegari muka gangara kudu zuwa Safana, ƙasar Yariman Katsina, don surukai su ma a ji ta bakinsu. Surukin ƙanena ya so a zauna kusa da shi, ya nuna mana kango a layinsu. Sai dai shi da kansa ya faɗi cewa duk mai hali a garin idonsa na kan Dutsin-Ma, inda Jami'ar Tarayya ta zauna tun 2011 ta ɗaga farashin fili da haya. Ya ce, "Ɗana, inda aikinka yake nan za ka kwana. Ban yarda ka riƙa bin hanya bayan la'asar saboda ni ba."

Da wannan magana aka yanke. Muka koma Batsari, ƙanena ya taya gidan tsohuwar unguwa. Da yake gidan gado ne, ya dage sai kowane magaji ya sa hannu a takardar ciniki, a gaban mai unguwa da dagaci, sannan a kai fadar Sarkin Ruma a buga hatimi. Wata 'yar marigayin tana aure a Jibiya, aka ce sai an jira ta. Dillali ya so a ba da kuɗi a wuce wurin, don la'adarsa ta fito. Ƙanena ya ce, "Baba, a yi haƙuri. Na jure haya shekaru, zan jure mako guda."