Tsohon Akawu Da Baƙin Allo

Akwai wani dattijo a Kagoma, cikin ƙasar Jama'a, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga tafireta a ofishin jirgin ƙasa na Kafanchan. Da ya ajiye aiki, sai manoman citta na unguwarsu suka danƙa masa littafin adashensu. Ana nan gara ta soma cin littafin. Jikarsa kuwa ta koyi kwamfuta a Gidauniyar Fantsuam ta Kafanchan, wadda aka kafa cikin 1996, don haka ta kawo masa wata tsohuwar na'ura mai aiki da Linux.

Ranar farko abin ya gagara. Hannunsa na rawa, linzamin da ake ja bisa tebur ya ƙi tsayawa inda yake so. Ya ce, "Amarya, ɗauke kayanki, tsufa ya zo." Ta ce, "Kaka, ajiye linzamin tukuna." Ta buɗe masa baƙin allon nan da ake kira taminal, inda ba hoto, sai umurnin da mutum ya buga. Da ya ɗora yatsu, sai ya tarar haruffan suna nan yadda ya bar su a tafireta.

Ba abin mamaki ba ne. Masanan da suka ƙago Unix a Amurka cikin 1969, watau tsarin da Linux ya kwaikwaya cikin 1991, da injin buga wayar tangarahu suke ba kwamfuta umurni.

Ya rubuta kalmomi huɗu a kwali ya manna a bango: ls don duba takardu, cd don shiga aljihu, cp don yin kwafi, rm don sharewa. To, wata rana garin sauri ya buga rm, lissafin wata uku na kuɗin mutane ya tafi. A baƙin allo magana zarar bunu ce, ba kwandon shara balle a tsinto. Kwana biyar ya yi yana sake bugawa daga littafin nan da gara ta ci, amana tana hana shi barci.

Tun daga ran nan, kowace ranar zubi sai ya buga cp kafin ya rufe na'ura. Tsohon littafin kuwa ya sa masa sabon bango, ya kulle a akwatin ƙarfe.